Shahon Mai Gyaran Takalma

Duk wanda ya taɓa kai takalmi gyara a layinmu ya san mahaifina, ko da bai san sunansa ba. Mai Shaho ake ce masa. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran agogo. In ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango da bango. A ciki akwai benci, da keken ɗinkin fata mai ƙafa, da gwangwanayen ƙusa da gam, da tulin takalman da masu su suka manta da su. Can ƙurya kuma, a kan wani guntun itace da aka naɗe da tsohon kafet, shaho ne a tsaye, an rufe mata kai da 'yar hular fata.

Na ce "mata" domin mace ce. Baba ya ce a gidan shaho mace ta fi namiji girma da ƙarfi. Inna ta ce ba a gidan shaho kaɗai ba. Malama muke kiranta, saboda in aka cire mata hula takan ƙura wa mutum ido kamar ta tambaye shi karatun jiya bai kawo ba.

Farauta da shaho gadon gidanmu ce, sai dai ta iso hannun Baba tana kan gargara. Kakansa da ita ya ciyar da iyalinsa. A wancan zamanin, in ji Baba, kana fita bayan gari ka shiga daji, fakara na tashi daga ƙarƙashin ƙafarka. Tsohon yakan kafa raga, ya ɗaure tattabara a gindinta, ya laɓe. In matashin shaho ya faɗa, sai ya kawo shi gida, ya yi ta yawo da shi a hannu cikin kasuwa, cikin haushin karnuka da hayaniyar yara, har tsoro ya fita daga ransa ya yarda ya ci nama a kan safar hannu. Daga nan a koya masa amsa kira da doguwar igiya a ƙafa. Ranar da aka cire igiyar ce mafarauci yake sanin ko ya samu abokin aiki ko ya yi wahalar banza. Su yi ta kama fakara da zabi, wani lokaci har zomo, har zuwa lokacin da tsuntsaye ke fara sheƙa. Sai tsohon ya cika wa shahon ciki, ya yanke maɗaurin ƙafarsa, ya ɗaga hannu ya sallame shi. Baɗi a kama wani.

"Aro ne, Uwata," Baba yakan ce mini, don haka yake kirana. "Ba a mallakar shaho. Yunwa ke haɗa ku, sabo ya riƙe ku."

Masu hali na lokacin su ma suna da nasu shahunan, masu dogon fiffike, da barorin da ke ɗaukar musu, ana fita da su don nishaɗi da nuna isa. Irin su kakan Baba kuwa tukunya suke wa aiki. Da bindiga ta wadata, sai aka fara kallonsu a matsayin masu ɓata lokaci. Bindiga ba ta fushi, ba ta zubar da gashi, ba ta neman nama kullum. Mahaifin Baba ya ɗan taɓa farautar, amma abin da ya riƙe shi ɗinkin fata ne, wanda ya koya a wajen yi wa shaho hula. Wanda ya iya ɗinka hular da za ta rufe idon tsuntsu ba tare da ta taɓa ƙwayar idon ba, takalmi ba zai ba shi wuya ba. Ana nan daji ya zama gonaki, gonaki suka zama gidaje, doka kuma ta hana kama tsuntsayen daji sai da izini.

Abin da Baba ya gada ke nan: tsohuwar safar hannu ta hagu, da ƙananan ƙararrawa, da hannun ɗinki. Duk tasowarmu ba shi da tsuntsu. Amma in yana tafiya a titi za ka ga gwiwar hannunsa na hagu a lanƙwashe, hannun a dunƙule a gaban ƙirjinsa, kamar mai ɗauke da abin da mu ba ma gani. Inna takan ce, "Maigida, sauke hannun nan, mutane za su ce shanyewa ya yi."

Na riga na yi aure, har na haifi 'yan biyu, sannan Malama ta zo. Maigadin wani siton hatsi da ke kusa da layin dogo ne ya kawo ta a kwali. Ta biyo tattabara ta bugi waya, fiffike ɗaya na reto. Baba ya leƙa kwalin, ya miƙe ya ja ƙofar shago ya rufe da rana tsaka, ga mutum tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa yana jiran ɗayan. Ya ɗaure fiffiken, ya yi ta jinya. Shi da kansa ya je ofishin masu kula da namun daji ya faɗa musu. Suka zo suka duba, suka ga fiffiken ya haɗu amma da 'yar karkata, ba za ta iya doguwar tafiya ta ci da kanta a daji ba. Suka bar masa ita da izini, suna leƙowa lokaci-lokaci.

Aiki kuma ya zo da kansa. Tattabaru sun addabi siton nan, suna huda buhuna suna ɓata kaya da kashi. Manajan ya roƙi Baba ya riƙa sakin Malama da safe a filin da ke bayan siton. Ba ta cika kamawa ba, amma inuwarta kaɗai ta isa. Tattabaru suka kwashe nasu ya nasu suka koma wata unguwa. Baba ya koma kamar saurayi. Da safe fili, da hantsi shago. Rigima ɗaya aka yi a gida, ranar da Inna ta buɗe firji ta ɗauko roba tana zaton nama ne, ta tarar da ɓeraye a jere. Tun daga ranar ta kafa doka: abincin Malama ba ya ƙetare ƙofar gidanta. Sai da Baba ya nemi wani tsohon ƙaramin firji ya cusa a ƙarƙashin benci a shago.

Ni ce na fara lura da idonsa, ko don ni ma da allura nake ci. Ɗinkin Baba da ake misali da shi ya fara tafiya kamar sawun maye. Wata rana ya shafa wa jan takalmi baƙin mai, ya ce laifin hasken shagon ne. Zare kuwa da lalube yake zura shi. Na kalli idon da kyau a rana, na ga wani fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa.

"Baba, yana ce fa a idonka. Mu je asibiti."

"Idona ƙalau. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bene ba zai hango ba."

"To mene ne a hannuna?"

"Rashin kunya," in ji shi, ya ci gaba da buga ƙusa.

Na san abin da yake tsoro. Mahaifinsa ma ya yi yana, wani mai magani da ke yawo gari-gari ya taɓa masa idon da allura, daga nan bai ƙara ganin komai ba har ya koma ga Allah. Baba ne ya yi masa jagora shekarun ƙarshe. Don haka in aka ce asibitin ido, sai ya sauya magana. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne dalilin da ya sa ya ƙara wa Malama ƙararrawa, ɗaya a ƙafa ɗaya a gindin wutsiya.

Wata safiya ina shagona ina yanka yadi, sai na ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Baba ne, wandonsa duk ƙaya da laka, safar na hannunsa, babu komai a kanta.

"Baba, lafiya? Ina Malama?"

"Ta tafi."

"Ta yi ina?"

Ya lalubi kujera ya zauna.

"Da na ga inda ta yi, ai da ba ki gan ni nan ba. Uwata, ba na gani. Rabona da in ga tsuntsuwar nan a sama har na manta. Da kunne nake bin ta."

Ashe jirgin ƙasa ne ya zo ba a lokacinsa ba. Tana barin hannunsa ya danna ƙaho, taragu suka yi ta wucewa suna ƙara, ita kuma ta firgita ta ƙetare katanga. Kafin taragon ƙarshe ya wuce, babu ƙararrawa babu dalilinta. Ya yi fito har leɓensa ya bushe, ya bi katangar da lalube har ya faɗa kwata.

Ban ce masa "ai na gaya maka" ba, ko da yake maganar ta zo har bakina. Na kawo masa ruwa, na kira maigidana a waya.

Baba ya zayyana mana abin da ke gabanmu. Fiffiken ba zai kai ta nesa ba, wannan shi ne sauƙin abin. Amma ba ta iya ciyar da kanta sosai ba, ga masu kiwon kaji da ba sa ganin shaho su bar dutse a ƙasa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne maɗaurin fatar da ke ƙafafunta. Akwai 'yar tsaga a ƙarshen kowanne, inda ake zura igiya in za a ɗaure ta a shago. In tsagar ta maƙale a reshe ko ƙusa, haka za ta rataye kai ƙasa har rai ya yi halinsa.

"In ta mutu a rataye," in ji shi, "ni na rataye ta."

Maigidana, Baban 'yan biyu, direban bas ne, kuma maganar da ta shiga tasha ta gama gari. Kafin azahar kowane direba da kwandasta ya san ana neman shaho mai ƙararrawa. Mai gyaran agogo ya rufe shagonsa ya bi mu. Mai fenti ya ce shi ba zai iya barin kaya ba, amma duk wanda ya shigo sayen fenti sai ya tambaye shi ko ya ji ƙara a saman gidansa.

Sai aka fara kawo mana tsuntsaye. Wani ya zo da shirwa a kwando. Wani ya zo da buhu yana riƙe da shi nesa da jikinsa, Baba ya zura hannu ya shafa, ya ce, "Wannan ai mujiya ce, bawan Allah. Ka tashe ta tana barci. Mai da ta inda ka ɗauko ta, ka ba ta haƙuri." Wasu shaƙiyyan makanikai ma zakara suka ɗaura wa murfin kwalba a ƙafa suka aiko da shi. Ranar ce kaɗai na ga Baba ya yi murmushi.

Muka yi ta yawo. Na rufe shagona, masu kawo mini ɗinki na ta kira ina ba su haƙuri. Baba na riƙe da kafaɗata da hannun dama, yana fito, yana kaɗa wani ƙunshin fata da ya ɗinka wa fukafukan tattabara, wanda da shi yake kiranta in ta yi nisa. Ni kuma kaina a sama har wuyana ya ƙage. Mun bi bayan siton, mun bi maƙabarta, mun bi filin ƙwallo da bayan mayanka. Duk abin da ya gifta sai in ce, "Baba, ga wani can!" Shi kuma ya ce, "Yaya yake kaɗa fiffike? Wutsiyar doguwa ce ko mai baki biyu?" In na faɗa, ya girgiza kai. A 'yan kwanakin nan na koyi bambancin shaho da shirwa da hankaka fiye da abin da na koya duk rayuwata a gidansa.

Aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wuni guda. Baba ya zauna a bakin ƙofa, abinci ya huce a gabansa. Inna ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da ruwan ya tsagaita ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da ƙullin leda, ta buɗe firjinta ta saka. Na leƙa na ga wuyan kaji ne da kawuna.

"Kallon me kike yi?" in ji ta. "In an same ta da yunwa za a same ta."

Washegari na ce bari in leƙa shago ko na awa ɗaya ne, in sallami masu kaya. Wata mai kawo mini ɗinki ta zo karɓar rigarta, tana gwadawa tana ba ni labari, irin na mata.

"Ni kam kwana biyun nan mun shiga uku a gidanmu. Kayan wanki sun taru, ba mai hawa saman bene ya yi shanya. Wani abu ke ƙara a can, cakwal-cakwal, kamar ana kaɗa makullai, in an leƙa ba kowa. Surukata ta ce mutanen ɓoye ne suka tare, ta hana yara hawa."

Almakashi ya faɗi daga hannuna.

"Ina ne gidan naku?"

"Ke, lafiya? Rigar fa, hannun ya ɗan matse..."

"Zan buɗa miki kyauta. Ina ne gidan?"

Baban 'yan biyu ya sauke fasinjojinsa a hanya ya haɗa su da wata motar, ya zo ya kwashe mu da bas ɗin gaba ɗaya, ni da Baba da Inna da ledarta da matar nan, rigar da take gwadawa tana jikinta. Gidan dogon bene ne na haya, can bayan kasuwar katako, ta inda ba mu taɓa zaton za ta kai ba. Matakalar duhu gare ta, ga tsawo. Baba na haki amma ya ƙi tsayawa. Muna dab da ƙofar sama ya damƙe kafaɗata har na ji zafi.

"Tsaya. Kin ji?"

Ban ji komai ba sai rediyon wani gida. Can sai ga wani sauti, siriri, sau ɗaya.

"Ƙararrawar wutsiya ce," in ji Baba. "Ita ce."

Saman benen tankunan ruwa ne da igiyoyin shanya da kashin tattabaru. A kan ɗakin matakalar akwai wani dogon ƙarfe da tsohuwar eriyar talabijin, duk ta yi tsatsa. A can ƙololuwa take, ta bubbuɗa gashi, ta zama kamar tsumma.

"Na gan ta, Baba. Tana kan eriya. Tana kallonmu."

Ya saka safar, Inna ta ɗora masa wuyan kaza a kai, ya ɗaga hannu ya yi fito. Malama ta miƙe, ta sunkuyo da kai, ta buɗe fiffike ta taso. Ba ta yi kamu biyu ba wani abu ya fizge ta baya. Maɗaurin ya sarƙe a ƙarfen eriyar. Sai ga ta kai ƙasa tana reto, tana bugun iska da fukafukai, ƙararrawa na ta kuka.

Na ƙwalla ƙara. Baba na juyawa hagu da dama yana cewa, "Me ya faru? Ku gaya mini! Uwata, me ya faru?"

"Ta rataye, Baba!"

Ya nufi wajen ƙarar kai tsaye, saura kaɗan ya yi karo da tanki. Inna ta riƙe shi. Kafin in juya, Baban 'yan biyu ya tuɓe takalmi ya kama tsanin ƙarfen da ke jikin bango. Mutumin da ko kwan fitila zai sauya a gida sai na riƙe masa kujera yana salati, mutumin da kaza in ta harare shi yake sauya hanya.

"Direba, kai ne ka hau?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba. Kada ka tambaye ni dalili."

"To saurara. Cire rigarka ta sama ka rufe mata kai, in ta ga duhu za ta natsu. Ka tallafo ta daga ƙasa, nauyinta ya bar ƙafar. Kada ka ja maɗaurin. Yanke shi za ka yi."

"Da me zan yanke? Da haƙori?"

Sai na tuna ɗan almakashin tsinke zare da ke rataye a wuyana. Na hau rabin tsanin na miƙa masa. Ina kallonsa, ƙafa ɗaya a kan bulo, hannu ɗaya rungume da ƙarfe, ƙarfen na lilo. Ya jefa rigar, ta zame. Ya sake jefawa, ta rufe ta. Bugun ya tsaya. Ya tallafo ta a ƙirjinsa, sai na ji ya ce "Wayyo Allah!" Ta damƙe masa tsintsiyar hannu da farata.

"Kada ka fizge!" in ji Baba. "Bar ta ta riƙe. Yanke kawai."

Ya yanke. Ya sauko a hankali, mataki-mataki, jini na bin hannunsa, fuskarsa kamar an shafa toka. Ya miƙa wa Baba ƙunshin, shi kuma ya sulale ya zauna a ƙasa ya ce kada kowa ya yi masa magana tukuna.

Baba ya durƙusa. Ya zura hannu cikin rigar yana laluba, ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar, gaɓa-gaɓa. Ya bi fiffiken da ya taɓa karyewa tun daga kafaɗa har ƙarshe. Ya shafa ƙashin ƙirjinta.

"Ba karaya," in ji shi. "Ta rame, ƙirjin kamar wuƙa. Amma ba karaya."

Ya ɗora ta a kan safa. Ta yi tangaɗi, ta gyara tsayuwa, ta girgiza jiki, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mu ne muka yi laifi. Sai ta sunkuya ta kama wuyan kazar. Ban san lokacin da na zauna a kan bokitin wani ba. Wata ajiyar zuciya ta fito mini tun daga tafin ƙafa. Inna ta juya baya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Baba kuwa hawaye na bin gemunsa, yana dariya yana cewa, "Ci a hankali, mara kunya. Ci a hankali."

Surukar matar nan, tsohuwa tukuf, ta hawo da sandarta don ta ga mutanen ɓoye da idonta. Ta daɗe tana kallon Malama, sannan ta ce, "To, ai sai a kwaso wanki."

Muna saukowa, a tsakiyar matakalar nan mai duhu, Baba ya tsaya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Asibitin nan da kike faɗa. Wace rana suke ganin mutane?"

Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba ta kai ni ba, mai haƙuri da tsofaffi. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani: za a cire abin da ya yi hazo a saka wani garau a madadinsa, ido ɗaya tukuna, in ya warke a yi ɗayan. Baba ya ba ta labarin mahaifinsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wancan aiki daban, wannan daban. Sai ya tambaye ta da wane irin zare za ta ɗinke. Ta ce yawanci ba a ma ɗinkewa, wurin da kansa yake haɗewa.

"Aikin da ba ɗinki?" in ji Baba. "Likita, zai yi ƙarko kuwa?"

Ta yi dariya har ta ajiye abin rubutunta.

Ranar aikin hannunsa ya yi sanyi ƙalau a cikin nawa. Aka shiga da shi, muka zauna a benci ni da Inna, ina ta addu'a. Ban gama karanta abin da ke bakina ba aka turo shi a keken marasa lafiya, ido ɗaya a rufe da auduga, yana tambaya wai yaushe za a fara.

Washegari aka cire audugar. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi tagar ɗakin, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Sannan ya ɗago ya dubi Inna, ya daɗe.

"Ikon Allah. Yaushe kika yi furfura haka?"

"Kai dai ka gode wa Allah ba a kawo maka madubi ba," in ji Inna.

Har ma'aikaciyar jinya sai da ta riƙe ciki. Ni kuwa na fita baranda na yi kukana na more, irin kukan da ke wanke ƙirji.

Likita ta hana shi ƙura da sunkuyo na ɗan lokaci, don haka ciyar da Malama ya koma hannun Baban 'yan biyu. Da farko daga nesa yake miƙa mata nama da dogon cokali. Yanzu kuwa ya ɗinka wa kansa safa a wajen Baba, ranar hutunsa tare suke zuwa filin bayan sito. Tabon hannun nan babu fasinjan da bai nuna wa ba, kuma duk lokacin da ya ba da labarin sai benen ya ƙara tsawo.

Ranar da Baba ya koma shago ni na raka shi. Ya tsaya a ƙofa yana kallon wurin kamar baƙo, ya ce ashe haka bangon ya yi datti ba wanda ya gaya masa. Ya yanka sabon maɗauri, gajere, mara tsaga, irin na fita fili. Sannan ya cire wa Malama hula ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, yana juya hannu yana dubanta gaba da baya. Sai ya tsaya.

"Kai! Gashin wutsiya biyu sun karye. Wajen bugun nan ne a eriya. Ku duk da idanunku ba wanda ya gani?"

Ya jawo wani dogon gwangwani daga bayan keken ɗinki. Ashe duk gashin da ta zubar a shekarun nan yana ajiye, a jere, kowanne da gefensa. Ya mai da mata hula, ya sa na naɗe ta a tawul na riƙe a cinyata. Ya yanke karyayyen gashin daidai inda bututunsa yake da rami, ya fiƙe ɗan siririn tsinken gora, ya shafa gam, ya zura rabi a tsohon gindin, rabi a sabon gashin.

"Ba wannan ba, Uwata, wannan na hagu ne. Ba ni na kusa da shi."

Da ya gama ya ɗora ta a kan itacenta. Ta girgiza jiki, ta baza wutsiyar ta tattara. Baba ya karkata kai ya dube ta ta gefe, ya ce gashi ɗaya ya ɗan fi sauran haske. Na duba iya dubawata ban ga bambanci ba. Ana haka wani ya leƙo da takalmi a leda, Baba ya ce ya shigo ya zauna.